Kelly Johnson: ɗan maginin da jirginsa ya yi karo da gudun sauti

A jerin tarihin mutanen da muke kawo muku, yau za mu tsallaka teku zuwa Amurka, wajen wani injiniya mai zana jiragen sama, Clarence Johnson, wanda aka fi sani da Kelly Johnson. Ya rasu tun 1990. Da yawa cikinmu ba mu taɓa jin sunansa ba, amma waɗanda suka yi lakwal suka karanta Antoine de Saint-Exupéry, mai littafin Le Petit Prince, to ku sani cikin jirgin da wannan mutum ya zana ne marubucin ya ɓace a 1944. Sunan jirgin P-38 Lightning, wato walƙiya. Kuma labarin Johnson ba ya cika sai an haɗa da wata matsala da jirgin nan ya zo da ita: in matuƙi ya kifa hancinsa ƙasa daga can sama, akwai wani gudu da in ya wuce shi, jirgin ba ya ƙara sauraron mai tuƙa shi.

An haifi Johnson ranar 27 ga Fabrairu 1910 a Ishpeming, wani ƙaramin garin masu haƙar tama a jihar Michigan. Iyayensa ƴan ci-rani ne daga Suwidin, talakawa tilis. Uban magini ne, uwar kuma tana yi wa mutane wanki. Shi ne na bakwai cikin ƴaƴa tara. Sunan Kelly ma a lakwal ya same shi: yara suna tsokanarsa da kiransa Clara, sunan mata, ran nan ya kai ɗaya ƙasa har ya karya masa ƙafa, daga ranar tsokana ta ƙare, sabon suna ya bi shi. Da iyalin suka koma Flint ya yi aikin gini, ya yi leburanci a masana'antar motoci, yana tara ƴan kuɗinsa. Ya taɓa ɗaukar ajiyar nan ya kai wa wani mai koyar da tuƙin jirgi, mutumin ya ƙi karɓa, ya kore shi ya je ya yi karatu da su. Haka ya shiga jami'ar Michigan, ya fito da digiri na farko a 1932, na biyu a 1933.

A jami'ar akwai abin da ake kira bututun gwajin iska. Wani dogon rami ne da aka gina, ana sa ƙaramin samfurin jirgi a ciki, manyan fankoki su hura masa iska, a auna yadda yake yi. Kamfanin Lockheed na Burbank a California ya aiko da samfurin sabon jirginsa na fasinja, Electra, don a gwada. Malamin Johnson ya ga babu laifi. Shi kuwa ɗalibin, da aka ɗauke shi aiki a kamfanin a 1933 kan albashin dala 83 a wata, abin da ya fara gaya wa manyansa shi ne jirginsu bai da natsuwa a iska. Ku duba ƙarfin hali, yaro ɗan shekara 23 da bai ko zauna kan kujerarsa ba. Babban injiniya Hall Hibbard bai kore shi ba, sai ya mayar da shi Michigan da samfurin a bayan mota, ya ce ya nemo magani. Bayan gwaji fiye da 70 ya dawo da wutsiya mai tsaye biyu. Jirgin ya yi kasuwa, kuma irinsa ne Amelia Earhart ta tuƙa a tafiyar da ta ɓace a 1937.

A wannan shekara ta 1937 ne sojojin saman Amurka suka ce suna son jirgin da zai yi kilomita 580 a awa, ya kuma hau mita 6,000 cikin minti 6. A lokacin babu inji ɗaya da zai iya wannan. Hibbard da Johnson suka sa biyu, na kamfanin Allison, kowanne da na'urar cusa masa iska don kada ya shaƙe a sama. Kowane inji aka ja masa dogon jiki zuwa baya, aka haɗa su da wutsiya ɗaya a kwance, matuƙi yana zaune a wani ɗan kwando a tsakiya, bindigogi duka a hanci. Farfelolin biyu kuma kowace tana juyawa sabanin ƴar'uwarta, don kada jirgin ya riƙa karkata gefe guda. Ya fara tashi ranar 27 ga Janairu 1939, Laftana Ben Kelsey ne a ciki. Ranar 11 ga Fabrairu Kelsey ya ratsa Amurka da shi daga California zuwa New York cikin awa 7 da minti 2 na tashi, amma wajen sauka injinan suka ƙi amsawa, ya rafka shi da ƙasa. Shi ya tsira, jirgin ɗaya tilo ya lalace. Duk da haka soja suka ga gudu, suka yi odar wasu 13.

Gudun kuwa ba na wasa ba ne. Waɗanda aka ƙera daga baya suna yin kusan kilomita 660 a awa a miƙe, kamar a ce hanyar Yamai zuwa Maraɗi cikin awa guda.

To, a 1941 ne abin ya fito fili. Matuƙan da suka hau mita 8,000 ko 9,000 suka kifa jirgin ƙasa sai suka dawo da labari iri ɗaya. Da farko komai lafiya. Can sai jirgin ya ɗau karkarwa, hancin ya ƙara nutsewa da kansa, sitiyarin (shi wannan jirgin sitiyari gare shi kamar na mota, ba sanda ba) ya sandare kamar an binne shi a siminti. Ka ja da hannu biyu, babu abin da ke motsi. Duk direban da birki ya taɓa yanke masa a gangara da babbar mota cike da kaya ya san ɗan abin da muke nufi, sai dai shi direba yana da gefen hanya.

Bari mu ɗan tsaya a nan, domin nan ne gishirin labarin. Kowa ya san in hadari ya taso muna ganin walƙiya kafin mu ji tsawa. Dalili, sauti yana da nasa gudu, kusan mita 340 a daƙiƙa, wato kilomita ɗaya cikin daƙiƙa uku, ko kilomita 1,225 a awa a nan ƙasa. Kuma gudun nan ba ɗaya ba ne ko'ina. Inda iska ta fi sanyi yana raguwa, shi ya sa a can sama yake sauka zuwa wajen 1,060. Masana suna auna gudun jirgi da na sauti, su kira shi lambar Mach, sunan wani masani ɗan Ostiriya, Ernst Mach. Mach 1 shi ne daidai gudun sauti.

Mai karatu zai ce, to ai jirgin da ke yin 700 ko 750 bai kai nan ba. Haka ne, jirgin bai kai ba, amma iskar da ke bin bayan fiffikensa ta kai. Saman fiffike a tanƙware yake, iskar da ke hawa kansa dole ta ƙara sauri, kamar yadda ruwan kori yake ƙara gudu in ya zo wurin da gaɓa ta matse. Wannan ƙarin sauri shi ke ɗaga jirgi. Amma fiffiken P-38 mai kauri ne, don an sa tankunan mai a ciki kuma ana son ya hau sama da sauri, ga shi kuma iska tana matsewa tsakanin kwandon matuƙi da injinan. Saboda haka da jirgin ya kai wajen Mach 0.68, wato kashi biyu cikin uku na gudun sauti da ɗoriya, iskar da ke kan fiffiken ta riga ta kai gudun sauti. A nan sai ta cure wuri guda ta zama kamar wata siririyar katanga, bayan katangar kuma iska ta ɓalle daga jikin fiffike ta hargitse. Fiffike ya rasa ƙarfin ɗagawa. Iskar da a da yake turawa ƙasa ta bi ta kan wutsiya ita ma ta ragu, sai wutsiya ta riƙa ɗagowa sama. In wutsiya ta ɗago, hanci ya nutse. In hanci ya nutse, gudu ya ƙaru. In gudu ya ƙaru, abin ya ƙara muni.

Akwai kuma wani tarko. Allurar gudu da ke gaban matuƙi ƙarfin bugun iska take aunawa, iskar sama kuwa ba ta da kauri, don haka allurar tana nuna ƙasa da ainihin gudun. Mutum yana ganin lamba mai kwantar da hankali, alhali ya riga ya shiga haɗari. Shi ya sa aka manna wa matuƙa wani ɗan allo a cikin jirgin mai nuna iyakar gudu a kowane tsayi, kuma yawan hawanka yawan ƙanƙancewar lambar da aka yarje maka.

Abin mamaki, wanda ya daure bai yi tsalle da lema ba sau da yawa yakan tsira. In jirgin ya sauko cikin iska mai kauri da ɗumi, iskar tana rage masa gudu, gudun sauti kuma yana ƙaruwa, katangar ta watse, sitiyari ya dawo hannu. Sai dai a nan ma akwai mutuwa: wanda yake ta ja da dukan ƙarfinsa, in jirgin ya amsa farat ɗaya, nauyin da zai faɗo wa wutsiya yana iya tsinke ta.

Masana sun san da wannan al'amari a takarda. Tun shekarun 1920 an lura bakin farfela yana rasa ƙarfi in ya kusa gudun sauti, a 1934 kuma John Stack da abokan aikinsa a hukumar binciken jiragen sama ta Amurka, NACA, wadda ta zama NASA a 1958, sun ɗauki hoton katangar nan a kan samfurin fiffike. Amma sani a takarda daban, jirgi da mutum a ciki daban. Manyan soja suka dage cewa wutsiyar ce kawai take kaɗawa, suka tilasta a maƙala mata wasu ƙarafa masu nauyi a waje. Johnson ya gwada, ya nuna ba su da amfani, amma mai kuɗi shi ke da magana, ƙarafan nan suka zauna a kan kowane P-38 har aka daina ƙera shi. Karkarwar dai an rage ta da aka lailaye kusurwar da fiffike ya haɗu da kwandon matuƙi. Nutsewar hanci kuwa tana nan.

Sai kamfanin ya gwada wata dabara: aka sa wa faifan wutsiya wasu ƙananan faifai masu sifirin da za su ƙara wa hannun matuƙi ƙarfi. Ranar 4 ga Nuwamba 1941 matuƙin gwaji Ralph Virden ya tashi da jirgin. Dabarar ta yi aiki, har ta wuce gona da iri. Wajen ɗago jirgin daga gangara wutsiyar ta tsinke, ya faɗo a unguwar Glendale kusa da masana'antar, Virden ya mutu. Johnson yana da shekara 31. Wata ɗaya da kwana uku bayan haka Japan ta kai hari Pearl Harbor, Amurka ta shiga yaƙi, kuma jirgin da bai warke ba shi ake jira a ƙera dubbai. Daga baya shi da kansa ya ba da labarin cewa wannan matsala ce ta jawo masa gyambon ciki.

Mutuwar Virden ce ta buɗe ƙofofin da suke rufe. NACA ta sa samfurin jirgin a manyan bututunta na gwaji, na Langley a Virginia da na Ames a California, aka hura iska da gudun da ake tsoron hurawa a da. Nan aka ga ashe ciwon ba a wutsiya yake ba, a fiffike yake. Maganin da aka samo tsakanin injiniyoyin hukumar da na Lockheed ƙaramin abu ne: wani ɗan faifai a ƙarƙashin kowane fiffike, gefen waje na inji, wanda lantarki ke buɗewa cikin daƙiƙa biyu. Mutane da yawa suna ɗaukarsa birki ne. Ba birki ba ne. Aikinsa ya sauya yadda iska ke danna fiffiken, ya maido masa ƙarfin ɗagawa, hanci ya ɗago. An gwada shi a farkon 1943. Kelsey, wanda ya zama kanar a lokacin, ya hau don ya gani da idonsa a watan Afrilu, faifan ya ƙi buɗewa, jirgin ya wargaje a sama, shi ya diro da lema da karayar idon sawu.

Abin da ya fi ba mu haushi a wannan labari shi ne abin da ya biyo baya. Magani yana hannu, amma fiye da shekara guda ta wuce kafin a fara sa shi a jiragen da ke fitowa daga masana'anta, saboda ba a son tsayar da aiki ko na ƴan kwanaki. A wannan tsakani kuwa samari suna ta yaƙi da jirgin. Tun Nuwamba 1942 P-38 suke arewacin Afirka, a Aljeriya da Tunisiya, daga ƙarshen 1943 kuma suna raka manyan jiragen bama-bamai daga Ingila zuwa Jamus, a can sama inda sanyi ya fi tsanani, wato daidai inda iyakar gudun ta fi kusa. Matuƙan Jamus ba su daɗe ba suka gano lagon: in P-38 ya biyo ka, ka birkice ka kifa ƙasa, ba zai iya bin ka ba. A watan Maris 1944 aka loda faifai na jirage 200 a wani jirgin dakon kaya zuwa Ingila. Wani matuƙin Ingila ya ɗauka jirgin Jamus ne, ya harbo shi. Kaya da mutane duka suka tafi. A ƙarshe cikin jirage sama da 10,000 da aka ƙera, wajen rabi ne kawai suka fito da faifan daga masana'anta.

Kada kuma a ɗauka P-38 ne kaɗai mai wannan ciwo. Duk jirgin yaƙi mai farfela na zamanin yana da iyakarsa, sai dai ta wani ta fi ta wani nisa. A cibiyar gwaji ta Farnborough a Ingila an gano Mustang yana iya yaƙi har wajen Mach 0.78, shi ya sa a 1944 aka riƙa maye gurbin P-38 da shi wajen rakiya zuwa Jamus. Spitfire na Ingila, mai siririn fiffike, shi ya fi kowa: a watan Afrilu 1944 Anthony Martindale ya gangara da ɗaya har kusan kashi 90 cikin 100 na gudun sauti, farfelar ta fizge ta yi nata wuri, shi kuma ya lallaɓo jirgin ba inji ya sauka lafiya.

A yankin tekun Pasifik kuwa labarin ya sha bamban. Can ana yaƙi ƙasa-ƙasa a iska mai ɗumi, jiragen Japan ba su da ƙarfin gangara, ga teku mai faɗi da inji biyu ke da amfani a kansa. P-38 ne suka yi doguwar tafiya suka harbo Admiral Yamamoto ranar 18 ga Afrilu 1943, kuma da shi Richard Bong ya kakkaɓo jirage 40, adadin da babu Ba'amurken da ya kai. Shi kuwa Saint-Exupéry, irin mai ɗaukar hoto ya tuƙa, wanda babu bindiga a ciki. Ya tashi daga tsibirin Kosika ranar 31 ga Yuli 1944, yana da shekara 44, bai dawo ba. A 1998 wani masunci ya tsinci munduwarsa a teku kusa da Marseille, a 2004 aka tabbatar da tarkacen jirgin.

Johnson bai tsaya jiran ƙarshen yaƙi ba. A 1943 ya ware wasu ƴan injiniyoyi da makanikai a wata rumfa gefen masana'anta, suka ƙera jirgi mai injin jet, P-80, cikin kwana 143. Wannan rukuni shi ne aka sani da Skunk Works, kuma yadda ya tafiyar da shi ya zama abin koyi: mutane kaɗan, takardu kaɗan, mai zane yana zaune kusa da mai ƙira. Mutum ne mai zafin rai, ba ya ɓoye fushinsa, amma yakan hau jiragen gwaji tare da matuƙa in akwai kujera ta biyu. P-80 ɗin ma ya ci rayuka: Milo Burcham, babban matuƙin gwajin kamfanin, a watan Oktoba 1944, sai Bong ranar 6 ga Agusta 1945, ranar da aka jefa bam a Hiroshima.

Wanda kaurin fiffike ya wahalar, sai ya koma ɗaya ƙarshen. F-104 da ya fara tashi a 1954 yana ninka gudun sauti biyu, da ƴan fukafukai gajeru sirara, bakinsu har kaifi gare shi. A ganinmu nan ma akwai abin faɗa, don jirgin bai da yafiya ko kaɗan. Jamus ta Yamma kaɗai ta yi asarar matuƙa fiye da 100 a cikinsa. A 1955 ya fito da U-2 na leƙen asiri, mai hawa kilomita 21, wanda Tarayyar Sobiyet ta harbo ɗaya ranar 1 ga Mayu 1960 da Gary Powers a ciki. A wannan tsayi tsohuwar matsalar ta sake dawo masa da sabuwar fuska: in matuƙi ya rage gudu kaɗan jirgin ya faɗo don iska ba ta da kauri, in ya ƙara kaɗan ya shiga karkarwar nan ta P-38, tazarar da ke tsakani ba ta kai kilomita 20 a awa ba. Na ƙarshe cikin manyan ayyukansa shi ne SR-71, da ya fara tashi ranar 22 ga Disamba 1964, wanda a 1976 ya yi kilomita 3,529 a awa. Yamai zuwa Damagaram cikin kwatan awa ke nan.

Shugaba Lyndon Johnson ya ba shi babbar lambar yabo ta farar hula a 1964. Ya yi aure sau uku. Matansa biyu na farko, Althea da Maryellen, sun riga shi rasuwa, a 1969 da 1980. Ya yi ritaya a 1975 ya miƙa wa Ben Rich ragamar Skunk Works, ya rubuta tarihin kansa a 1985, daga nan ciwo ya kwantar da shi shekaru, har tunaninsa ya raunana. A watan Maris 1990 wani SR-71 da za a kai gidan tarihi ya tashi daga Los Angeles zuwa Washington cikin minti 64. Johnson ya rasu ranar 21 ga Disamba na wannan shekara, yana da shekara 80.